Waƙa a Bakin Mai Ita: Nasiha ga Matasan Ƙasar Arawa Kan Littattafai

Ƙannena samari da ƴan mata na Dogon Dutsi da Matankari da Dankasari da Kiyeshe, da ku na Tibiri da Dumega da Gesheme da Kore Mairuwa! Zancen littattafai ne ya kawo ni gare ku. Na san wani zai ce, "Haba Yaya, mu da muke fafutukar abin da za a sa a tukunya, ina mu ina littafi?" Da gaskiyarka, mai jin yunwa ba ya jin kira. Amma ku ba ni aron hankalinku kaɗan, domin da yawa daga littattafan da zan ambata zancenku suke yi, ku da kakanninku. Ana buga su a Faransa da Amurka, ana karantar da su a manyan jami'o'i, ana cin jarrabawa da su, alhali mafi yawanmu ko bangonsu ba mu taɓa gani ba.

Ga misali na kusa. A shekarar 2019 maɗaba'ar jami'ar Chicago ta fitar da wani littafi mai suna Fada. Mai littafin, Adeline Masquelier, malamar jami'a ce a Amurka, kuma tun ƙarshen shekarun 1980 take zuwa Dogon Dutsi bincike. Abin da ke cikinsa shi ne zaman da kuke yi kullum: benci a gindin katanga, sunan fada da aka rubuta da fenti a bango, ƴar butar shayi bisa gawayi, kiɗa na tashi daga waya, da dogon jiran aikin da ya ƙi zuwa. A fadojin Yamai da na Dutsi ta zauna ta saurara. Kafin wannan ta fitar da littafi kan bori a Dogon Dutsi a 2001, da wani kan mata da farfaɗowar addini a garin a 2009. Gari ɗaya, littafi uku, duka da Ingilishi. Ba ta yi laifi ba, aikinta ta yi, kuma ta yi shi da haƙuri. Tambayar tana wuyanmu: mu da aka rubuta, yaushe za mu karanta abin da aka faɗa a kanmu, mu gaskata na gaskatawa, mu gyara na gyarawa, sannan mu ɗauki alƙalami mu faɗi namu?

Yaƙi ɗaya, baki uku

Babu ɗan Arewa da bai san sunan Sarauniya Mangu ta Lugu ba. Da labarinta zan nuna muku yadda ake karatun littafi da ido buɗe.

A farkon 1899 wani ayarin sojan Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine ya taso daga bakin kogin Kwara ya nufi tafkin Chadi. Turawan cikinsa ƴan kaɗan ne, sauran sojojin Afirka ne da suka ɗauko daga yamma, sai ɗimbin ƴan dako da aka kamo da ƙarfi. Inda duk suka bi sai toka: a ƙone gari, a kwashe hatsi da bisashe, a kama mata. A watan Afrilu suka iso Lugu, mutanen Sarauniya suka tare su da kwari da baka daga cikin kurmi. Bisa lissafin Faransawan da kansu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Suka cinna wa garin wuta suka wuce, a watan Mayu suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Da labarin ta'asar ya kai Paris aka turo kanar Klobb ya karɓe jagorancin, sai Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Ba a yi kwanaki ba sojojinsu suka juya musu bakin bindiga, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi, ƙasar Tasawa.

Wannan shi ne ƙashin labarin. Yanzu ku ji yadda baki uku suka ba da shi.

Baki na farko na Paul Joalland ne, ɗaya daga hafsoshin ayarin, wanda daga baya ya ci gaba da tafiyar har Chadi. A 1930, bayan ya zama janar, ya fitar da littafin tunawa da abin da ya gani, Le drame de Dankori. A wurinsa Lugu ƴar tsayawa ce a hanya, Sarauniya kuwa wata tsohuwar matsafiya ce da ta yi musu taurin kai. Ya ga abin da idonsa, wannan babu musu. Sai dai mutum ne da ya yi tafiya cikin ayarin da ya yi ɓarna, kuma shekara talatin bayan haka yana da suna da zai wanke.

Baki na biyu na Abdoulaye Mamani ne, haifaffen Gudumariya a 1932, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku saboda siyasa. A 1980 ya fitar da ƙagaggen labarinsa, Sarraounia. A nan sai ta zama jaruma mai jini a jika, wadda aka rena da dabarun yaƙi tun tana ƙarama, ta tsaya ita kaɗai a lokacin da sarakuna ke rawar jiki. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da littafin fim a 1986, an ɗauke shi a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar Fespaco a 1987. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Abdou Moumouni da Elara Bertho ta Faransa sun nuna cewa takardun Faransawa ƴan layuka kaɗan suka ba ta, kuma kafin littafin Mamani sunanta bai yi nisa da ƙasar Arawa ba. Littafi da fim ne suka kai ta ko'ina, har aka sa wa gidan rediyo sunanta a Yamai.

Baki na uku na dattawan Lugu ne. A wurinsu Sarauniya sarauta ce da ake gada, Mangu ɗaya ce daga jerin matan da suka riƙe ta. Suna ba da labarin ta farko da ta taso daga Daura, da dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara, da tarkama, wato yadda gawar wadda ta rasu ke nuna magajiyarta bisa al'adarsu. Sarauniyarsu mace ce mai zaman ɗaki, mai farin zane, mai kaɗin auduga, ƙarfinta na tsaron ƙasa ne ta hanyar addinin gargajiya. An tattara wannan a littafin Lougou et Saraouniya, wanda ya fara fitowa a 2007 aka sake buga shi a 2017, kuma cikin marubutansa akwai malamin falsafa Boubé Namaïwa.

To, wa ya yi ƙarya? Joalland ya gani, amma yana da abin rufewa. Mamani bai gani ba, kuma bai ce tarihi yake rubutawa ba. Ƙasa yake nema wa gwarzuwa a lokacin da take buƙatar ta ɗaga kai, ya kuma samo mata. Dattawa suna riƙe da abin da suka gada, sai dai baki yana ƙari yana ragi idan zamani ya yi nisa. Wanda ya san ɗaya kawai daga cikin ukun zai yi ta gardama a fada har asuba, yana rantsuwa kan abin da bai kai ga gindinsa ba. Don haka duk littafin da ya shigo hannunku, ku yi masa tambaya uku kafin ku ba shi zuciyarku: wa ya rubuta shi, su wa ya rubuta wa, kuma wane irin littafi ne? Ƙagagge ne, ko tarihin rayuwar mutum, ko waƙa, ko bincike? Kowanne da irin gaskiyar da yake iya ɗauka.

Ƙagaggen labari

Akwai masu cewa karanta ƙagaggen labari ɓata lokaci ne tunda ƙarya ce. Labarin Mamani ya ishe su amsa. Rubutun zube na Hausa ma da shi ya tsaya da ƙafarsa: gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga shekarun 1980 kuma Kano ta cika kasuwa da littattafan da aka fi sani da na soyayya, waɗanda mata suka fi yawa cikin marubutansu. An zage su, an ce suna lalata tarbiyya. Amma ku duba Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990: labarin uwargida ce da miji ya kora da ƴaƴanta saboda amarya, ta tashi ta riƙe su da sana'ar hannunta. Wace unguwa ce a Dutsi ko Tibiri ba ta san irin wannan gida ba? A 2012 wani kamfanin ɗab'i na Indiya ya fitar da fassararsa da Ingilishi.

Yau littattafan sun koma cikin waya. Bayan isha'i, an gama wanke-wanke, za ka ga yarinya kwance bisa tabarma a tsakar gida da wayar da ta aro wurin yayanta, caji saura kaɗan, tana bin labarin da wata marubuciyar Kano ko Katsina ke saki shafi-shafi a WhatsApp. Idan an kai inda ya fi daɗi sai a ce sauran na kuɗi ne. Da yawa daga ƴan matanmu a nan suka koyi karanta Hausar boko, tunda lakwal da Faransanci ta karantar da su. Ƙanwata, ba zan ce ki daina ba. Abu biyu kawai nake roƙo. Na ɗaya, ki zaɓa: littafin da ba shi da komai sai motocin alfarma da batsa zai bar ki da rena gidanku ne kawai. Na biyu, kada ki tsaya a nan. Manomin Arewa ba ya shuka hatsi zalla, sai ya sa wake a tsakani, don ƙasa ta huta, tukunya kuma ta samu abin haɗi. Haka karatu yake.

Ga waɗanda suka kai koleji da lise, akwai sababbin littattafai da suka shafe ku kai tsaye. Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda aka fassara da Faransanci da sunan Né un mardi, labarin wani almajiri ne, Ɗantala, da ƴan siyasa suka yi amfani da shi a bangar zaɓe, ya gudu Sakkwato, ya ga yadda saɓanin malamai ke rikiɗewa ya zama jini. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016, shi ma akwai shi da Faransanci. Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal, Bafulatanar Marwa a Kamaru, labarin mata uku ne da auren dole da haƙurin da ake ta ɗora musu. A 2020 ya ci kyautar Goncourt ta ƴan lise, wato sa'o'inku ne a Faransa suka karanta suka zaɓe shi. Shekara ɗaya bayan haka Mohamed Mbougar Sarr na Senegal ya ɗauki babbar Goncourt ɗin kanta yana da shekara 31. Duk waɗannan ƴan yankinmu ne, kuma abin da suka sani a gida suka rubuta. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, ta fito da sunayen da ba wanda ya san su a da. Hausa ake rubutawa a can, Hausar kuwa taku ce.

Tarihin rayuwa

Wannan shi ne fannin da muka fi yin asara, kuma shi ya fi sauƙin farawa. Ɗaya daga tsofaffin tarihin rayuwa da aka buga da Hausa na wani yaro ne daga ƙasar Damagaram, Dorugu. An kama shi bawa yana ƙarami, matafiyin Jamus Overweg ya ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855. A can ya ba J. F. Schön labarinsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Turawa sun zo kallonmu, shi kuma ya kalle su, ya faɗi yadda suke zama da yadda suke cin abinci. Sai Baba ta Karo, tsohuwar da ba ta yi boko ba, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. Har gobe duk mai son sanin zaman matan Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa, aure da kishi da ƙawance da bauta, wurinta yake komawa. A nan gida Boubou Hama ya bar mana Kotia-Nima, Djibo Bakary ya fitar da Silence! On décolonise a 1992 ya faɗi nasa ɓangaren na rikicin neman ƴanci, Antoinette Tidjani Alou kuma ta fitar da On m'appelle Nina a 2016, inda ta saƙa rayuwarta cikin labarin baƙuwar da aure ya kawo Nijar.

Mai ba da tarihin kansa ido ɗaya ne, daga inda ya tsaya yake gani, kuma ba kasafai mutum ke kai ƙarar kansa ba. Ku karanta shi da wannan sani. Amma abin da yake bayarwa babu mai ba da shi: yadda abin ya yi zafi a jikin wanda ya same shi.

Yanzu ku waiwaya gidajenku. Akwai tsohon da ya ga zaɓen raba gardama na 1958 da saukar tutar Faransa a 1960. Akwai wadda ta rayu cikin farin 1973 da 1974, da yunwar 1984 da ake kira El Buhari. Akwai wanda ya yi cirani a Kumasi ko Ikko ko Abijan, akwai wanda ya ƙetare hamada zuwa Libiya ya dawo. Kowace shekara muna kai su makwanci da labarinsu. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. Ka samu Kaka da hantsi, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gujiya, ka durƙusa ka gaishe ta, ka nemi izininta. Kada ka ce, "Kaka, ba ni tarihi," domin cewa za ta yi ita ba ta san komai ba, ka je wurin maza. Ka tambaye ta ƙananan abubuwa: ranar da aka kai ki ɗaki wa ya raka ki? Me aka sa miki a gara? A shekarar yunwa me kuka ci, nawa aka sayar da tiya, wa ya tafi bai dawo ba? Za ka ga ta ajiye ƙwaryar, zance ya ɓalle. Kada ka katse ta. In ka koma ɗaki ka rubuta sunanta da garinsu da ranar da kuka yi hirar, sannan ka kwafe maganar yadda ta fito daga bakinta. In ta ce "ya tahi" ko "ɗiyata", haka za ka rubuta, kada ka mayar mata da ita Hausar Kano. Arewanci ma dukiya ce da ke buƙatar ajiya.

Sai dai wannan aiki amana ne. Abin da tsohuwa ta ce kada a faɗa, kada a faɗa. In zancen sarauta ne ko na gona, inda gida biyu ke jayayya, ka ji ta bakin kowanne, ka rubuta wa ya ce me. Kuma kada ka haɗa abin da ka ji da abin da ka ƙaga a takarda ɗaya ba tare da ka bambanta su ba.

Waƙa

Waƙa ta riga zube a ƙasar Hausa da nisa. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajinta, wato matan da ta koyar, suna haddacewa suna kai wa matan ƙauyuka. Da waƙa ta yi makarantar da ba ta da gini. An tattara ayyukanta an buga a 1997. Aƙilu Aliyu, mai Fasaha Aƙiliya, mutumin Jega ne, nan maƙwabtanmu a Kabi. Mamani kansa da waƙa ya fara, Poémérides ya fito a 1972, shekara takwas kafin Sarraounia.

Da kunne ake karanta waƙa. Ku ɗaga murya ku rera, ku ji inda kari ya faɗi da inda amsa-amo ya dawo. Wanda ya saba da haka, ko wasiƙa ya rubuta za a ji ta zauna daram, domin waƙa ce ke koya wa mutum auna kalma kafin ya sake ta. Masu sha'awar shiga situdiyo su fi kowa kula da wannan: kiɗan kwamfuta ba ya rufe raunin baiti. Kuma ku tuna da waƙoƙin da ba su taɓa shiga takarda ba. Tun da injin niƙa ya shigo gari, waƙar da mata ke yi a bakin dutsen niƙa take ja da baya. Haka waƙoƙin daɓe da na gaɗa, da kirarin ƴan kokawa da na mafarauta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma in mai ita ta tafi ba a ɗauka ba, shi ke nan. Wanda ya yi karatun allo kuma ya riga ya riƙe mabuɗin ajami: ku duba gafakar kakanni, sau da yawa akwai waƙoƙin wa'azi da wasiƙu a ciki da gara ke ci. A nemi izini a ɗauki hotonsu.

Littafin bincike

Shi ne mai nauyi, shi ne kuma ba a so. Ba ya gudu, kowane zance sai ya faɗi inda ya samo shi. Marc-Henri Piault ya fitar da Histoire Mawri a 1970 bayan ya zauna da dattawan ƙasar nan, ya rubuta abin da suka ce kan Gubawa da zuwan zuriyar Ari daga Barno da kafuwar sarautu. Boureima Alpha Gado ya rubuta tarihin yunwa a Sahel a 1993. Elara Bertho ta fitar da nata a 2019, inda ta bi diddigin yadda aka gina sunan Sarauniya da na Samori. A Yamai akwai cibiyar IRSH ta jami'a da cibiyar CELHTO, inda aka adana muryoyi da rubuce-rubucen da aka tattaro daga garuruwa. Ɗalibin da ya je Yamai karatu ya gama bai taɓa leƙa su ba ya cuci kansa.

Amfanin irin wannan littafi ya wuce abin da ke cikinsa. Yana koya maka ka riƙa cewa, "Ina hujja?" A zamanin da saƙon murya ɗaya daga wanda ba a san ko wane ne ba ke iya tayar da hankalin gari kafin azahar, wannan tambaya garkuwa ce. Shafi biyar a rana ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ina za a samu?

Gaskiya ne littafi yana da tsada, kuma ba a kasa shi a kowace kasuwa. Amma ku yi lissafi. Fada mai mutum goma, in kowa ya ajiye dala ashirin a mako, an samu jaka guda. Cikin ƴan watanni kuɗin littafi ya taru, ga motoci na bin babbar hanyar Yamai kullum, sai a ba wani amintacce saƙo. A samu ɗan kaye a riƙa rubuta wa ya ara, yaushe zai mayar. Tsakanin kofin shayi na farko da na biyu akwai lokaci mai yawa: mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, wanda ya fi jin Faransanci ya juya wa saura da Hausa, a yi gardama a kai. Ƴan mata ma su yi nasu a gida, ko a ƙungiyar adashi. Ku je wurin mushenku na da, da wuya ka samu tsohon malami da ba shi da ɗan akwatin littattafai, kuma zai yi murna a tambaye shi. In marubuciya ta sa kuɗi a littafinta na waya, a biya ta. Tura shi kyauta ga jama'a cin guminta ne, kuma shi ke kashe sana'ar.

A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka ta buɗe ƙofa, amma doka ba ta rubuta littafi. Za a buƙaci littattafan makaranta, da na yara, da masu fassara, da masu gyaran rubutu. Akwai kamfanoni irin su Gashingo a Yamai da suka daɗe suna buga littattafai da harsunan gida. Wanda ya koyi ƙa'idar rubutun Hausa tun yanzu, ya san inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ, ya san raba kalma da haɗa ta, ya daina rubuta Hausa da harrufan Faransanci, shi za a nema gobe. Kuma kada murnar Hausa ta sa ku yar da Faransanci ko Larabci ko Ingilishi. Da su za ku karanta abin da aka rubuta a kanku, da su kuma za ku mayar da amsa.

Ƙannena, ga abin da nake roƙonku kafin shekara ta zagayo. Kowannenku ya karanta littafi huɗu, ƙagagge ɗaya, tarihin rayuwa ɗaya, na waƙa ɗaya, na bincike ɗaya, ya yi wa kowanne tambayoyin nan uku. Sannan ya zauna da dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya na gidansu, ya ɗauki maganarsu, ya rubuta ta tsaf, ya ajiye kwafi biyu a wuri biyu. Kada ku jira sai kun zama manyan malamai, kada ku jira kuɗin wata ƙungiya. Tsofaffin nan ba za su jira ku ba. Ku fara a wannan mako. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani.